Tanbihi Ga Masu Motoci A Kan Idon Direba

 Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata mas'ala wadda mutane su ke gani ƙarama, alhali kuwa rayuka suna rataye da ita. Mas'alar ita ce ta gilashin mota da fitilunta da madubanta da na'urar sanyinta, da irin wulakancin da mu ke yi musu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tafiya da na yi a daminar bara. Na je ta'aziyya wani gari, da la'asar sakaliya na shiga motar haya zan komo gida. Motar kuwa ta sha ado, an yi mata sabon fenti, an liƙa mata furanni a goshi, rediyonta na tashi kamar gidan biki. Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo daga gabas, magariba ta kawo jiki, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Direba ya kunna waifa, watau magogin nan na gilashi, sai guda ɗaya ce ta motsa, ita ma robarta ta yage, tana dama ruwa da ƙura tana shafe gilashin da laka. Ta ciki kuma gumi ya rufe shi, domin muna da yawa, tagogi kuma a rufe. Yaron mota ya ciro tsumma yana gogewa, direba ya leƙa da kansa ta taga, ruwa na dukan fuskarsa, yana tuƙi da hannu ɗaya. Na ce masa, "Malam direba, don Allah mu tsaya mana har ruwan ya tsagaita." Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai na san hanyar nan kamar yunwar cikina." Bai rufe baki ba sai ga amalanken shanu a gabanmu. Ya karya sitiyari muka gangara cikin wata gona. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata tsohuwa ta karye a hannu, buhunan wani ɗan kasuwa kuma suka kwana cikin ruwa.

Da gari ya waye na tambayi direban me ya hana a gyara waifar tun kafin damina. Ya ce mai motar ne ya ce a dakata sai an tara kuɗi. Kuɗin fentin nan kuwa ya ninka kuɗin waifa sau da yawa.

To, jama'a, ga abin da ni ke so in tabbatar. Inji ne ke tafiyar da mota, amma ido ne ke kai ta gida. Duk abin da ke tsakanin idon direba da hanya, da duk abin da ke tsare masa hankalinsa kada zafi da gajiya su rinjaye shi, hukuncinsa hukuncin birki da taya ne, wajibi ne a kula da shi kafin a ɗauki fasinja ko guda. Motar da injinta ke da lafiya amma direbanta ba ya gani ta fi matacciyar mota sharri, domin matacciya tana nan inda aka bar ta, ita kuwa waccan gudu ta ke yi da mutane a makance.

Ku sani kowane ɗaya daga cikin kayan nan wata wahala ce ta haife shi. Wata mata Ba'amurkiya mai suna Mary Anderson ta ga direban taragon haya a birnin Niyu Yok yana buɗe taga cikin sanyi don ya share ƙanƙara daga gilashinsa da hannu, sai ta ƙago magogi mai motsi daga ciki, aka ba ta takardar mallakarsa a 1903. Wani Bafaranshe, Edouard Benedictus, shi ya sami takardar mallakar gilashi mai falle biyu da wani abu mai danƙo a tsakani a 1909, domin in ya fashe kada ya tarwatse ya yanka mutane. Na'urar sanyi kuma kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sayar da mota da ita a 1939. Ashe wahalar da aka yi wa magani shekara 120 da wani abu da suka wuce, ita ce yaron motarmu ya ke fama da ita da tsumma. Wannan abin kunya ne gare mu.

Fasali na farko, a kan gilashi da waifa

Ƙasarmu tana da abokan gaban gilashi guda uku, ƙurar hunturu, da ranar bazara, da ruwan damina. Ƙurar hunturu, da yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Cadi, inda ruwan tafki ya kwanta a zamanin da, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta zuba mana. Laushinta a hannu kada ya ruɗe ku, tana da kaifi. Wanda ya kunna waifa a kan busasshen gilashi mai ƙura, daidai ya ke da wanda ya goge shi da yashi. Zanen ba ya bayyana da rana, sai dare ya yi, fitilar wata mota ta doke shi, sa'an nan hasken ya watsu a idon direba. Sabo da haka a fara fesa ruwa tukuna, sa'an nan a goge.

Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai gorar ruwan wanke gilashi tana da ruwa. Sau nawa aka buɗe gaban mota aka tarar da ita a bushe tun ranar da aka sayo motar? A cika ta da ruwa mai tsabta. Kada a zuba garin sabulun wanki, domin yana kumfa, yana barin dabbare, yana kuma toshe 'yan ƙofofin da ruwan ke fitowa. In sun toshe, bakin allura ya isa ya buɗe su.

Robar waifa kuma rana ce ke kashe ta. Tana kwance a kan gilashi mai zafi tun daga hunturu har ƙarshen bazara, ta bushe, ta tsattsage, mai mota bai sani ba, domin ba ya bukatarta sai ruwan farko ya sauka. Alamun mutuwarta su ne ta riƙa kuka, ko tsalle, ko barin layi-layi na ruwa a bayanta. Shawarata ita ce a sake ta kowace shekara kafin faɗuwar damina, kamar yadda mai hankali ke yaɓen soronsa tun sama ba ta yi baƙi ba. A kuma riƙa share bakinta da jiƙaƙƙen ƙyalle ko sau ɗaya a mako.

Sai tsaga. Tsakuwa ta kan tashi daga tayar tifa ta sari gilashi, ta bar tabo kamar ƙwayar gero. Tun yana haka akwai masu cike shi da wani danƙo mai haske, ya tsaya. In aka ƙyale shi, zafin rana da jijjigar ramuka su ja shi har ya ratsa gaban direba. Watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana shi ma yana ƙara tsawon tsagar. In kuwa ta kai ga sakewa, a sa irin na mota mai falle biyu. Wanda ya toshe tagar gefe da kwali ko leda ya rufe wa direba gefe guda na duniya.

Kada a manta da cikin gilashin. Ƙura da hayaƙi da maiƙon hannu suna taruwa a kansa, ba a lura sai an fuskanci rana. Fatake masu tashi daga Kano da sassafe su nufi Maiduguri sun san yadda rana ke cika musu ido, masu komowa da yamma ma haka. A wannan sa'a datti kaɗan ya isa ya mai da gilashi fari fat. A goge shi da ƙyalle mai tsabta, a kuma gyara makarin rana in ya karye. Hotuna da takardu da rubuce-rubuce da a ke liƙawa a gilashi, da tarkacen da a ke ratayawa a madubin tsakiya suna lilo, duk a nema musu wani wuri. Ko da rubutun na alheri ne, gaban idon direba ba muhallinsa ba ne, tafin hannu guda na takarda yana iya ɓoye yaro mai tsallaka titi daga nesa. Baƙar ledar nan da a ke liƙa wa gilashi kuma tana rage gani da dare, tun 1991 aka kafa doka a Nijeriya da ta hana ta sai da izini, bisa dalilin rashin lafiya ko tsaro.

Fasali na biyu, a kan fitilu

A nan ina so 'yan kasuwa, ma'abota lissafi, su yi wannan lissafi tare da ni. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kimanin mita 28 a cikin sakan ɗaya. Daga sa'ad da direba ya hangi abu zuwa sa'ad da ƙafarsa ta taka birki, a kan yi kimanin sakan ɗaya da rabi, watau mita 42 sun tafi. Birkin kuma a kan busasshiyar kwalta yana bukatar mita 50 ko fiye kafin motar ta tsaya. Jimla ta doshi mita 100. Gajeriyar fitila kuwa, wadda direbobi ke ce wa dim, ko tana sabuwa abin da ta ke nunawa sosai bai wuce kimanin mita 50 zuwa 60 ba. Ma'ana, mai wannan gudu da dare a kan dim, duk abin da fitilarsa ta nuna masa ya riga ya makara a kansa. Wannan fa da fitila mai lafiya ke nan. Yaya ke nan in ta dushe?

Fitilun motocin yanzu murfinsu na roba ne mai haske, rana tana cinsa ya koma rawaya kamar tsohon haƙori. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna irin waɗannan a 2018, ta tarar suna ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sababbi. Watau kusan kashi huɗu cikin biyar na hasken yana mutuwa a cikin murfin. Masu gyara suna iya goge shi ya washe, in ya ƙi a sake shi.

Bayan haske sai saiti. Gajeriyar fitila an yi ta ne ta dubi ƙasa kaɗan, ta kuma karkata wajen gefen hanya, don kada ta shiga idon mai zuwa. Abubuwa uku ke ɓata wannan a wurinmu. Na ɗaya lodi. In aka danne bayan mota da buhunan Dawanau ko dilolin Kantin Kwari, gindinta ya sauka, goshinta ya ɗaga, fitila ta bar hanya ta koma haska rassan itatuwa da idanun jama'a. Motoci da yawa, musamman waɗanda aka yi don ƙasashen Turai, suna da wata 'yar ƙaramar mamurɗa kusa da sitiyari mai lamba 0, 1, 2, 3. Amfaninta ke nan, in lodi ya yi nauyi a murɗa ta, fitila ta sunkuya. Na tambayi direbobi da dama, ƙalilan ne suka san aikinta.

Na biyu motocin da aka juya wa sitiyari. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, kamar maƙwabtanta Nijar da Kamaru da Cadi. Ingila da Japan kuwa hagu su ke bi, fitilun motocinsu hagu su ke karkata. In aka kawo irin wannan mota aka mai da sitiyari aka bar fitilun, haskenta zai riƙa faɗawa daidai fuskar mai zuwa. Tilas a sake su.

Na uku fararen ƙwayayen nan masu tsananin haske da a ke cusawa cikin gidan fitilar da ba don su aka ƙera shi ba. Mai su yana murna ya mai da dare rana, alhali hasken warwatse ya ke, ya makantar da wanda ke tunkaro shi. Ka sani, ya ɗan'uwa, direban da ka kashe wa ido kai ya nufo, tazarar da ke tsakaninku ba ta wuce kamu kaɗan ba. Haka hukuncin wanda ya ƙi sauke doguwar fitila, watau ful, sa'ad da ya haɗu da wata mota ko ya biyo bayanta. Mu da muka ba hamsin baya mun fi kowa sanin wannan cuta, domin idon dattijo ya fi na saurayi bukatar haske, ya kuma fi shi daɗewa kafin ya warware in an dalle shi. Direban da ya manyanta ya kamata ya kai idonsa a duba, ko yana ta fara.

Cikin hazo ko ruwa mai ƙarfi kuma, doguwar fitila cutar mai ita ta ke yi, domin hasken yana dukan ƙurar ya komo masa kamar farin bango. Gajeriya a ke sawa, da fitilun hazo na ƙasa in akwai, a rage gudu. A kunna su ko da rana ce, don wasu su gan ka.

Mota mai ido ɗaya kuwa, wa ya san adadin waɗanda suka ɗauke ta babur suka matso, sai da aka zo gab suka ga faɗinta? Haka fitilun baya da na birki da sigina, su ne harshen da mota ke magana da shi da na bayanta. Tirelar da ta mutu a kan kwalta cikin dare, ba ja ba alama sai ɗan ganye da aka yaɗa, kabari ce a buɗe. Sau da yawa abin da ya mutu ƙwai ne ko fis, abin da mai gyaran wuta zai sake kafin a sha shayi.

Fasali na uku, a kan madubai

Madubai uku ne, na tsakiya da na gefe biyu, kowanne da yankin da ya ke tsaro. A daidaita su tun mota na tsaye, bayan an daidaita kujera, yadda direba zai ga hanya ba tare da miƙa wuya ba. Na gefe a buɗe su har jikin motar ya kusa fita daga cikinsu, domin ba ƙofarka ka ke son kallo ba. Madubin gefen fasinja a kan yi shi da ɗan doro don ya ɗebo fili mai yawa, sai dai yana ƙanƙanta abu, ka ga mota kamar tana nesa alhali ta iso. Duk da ukun nan akwai wani lungu a kafaɗar mota da ba mai nuna shi, a nan ne babur da a-daidaita-sahu ke ɓuya, maganinsa kuwa ɗan waige kafin a karkata. A ƙarƙashin madubin tsakiya akwai wani ɗan harshe, in na baya ya dame ka da fitila ka tura shi, hasken ya dushe. Wanda ya naɗe madubansa ko ya cire su don tsoron ɓarawo ko gogayyar kasuwa, da wanda ya cika bayan mota da kaya har rufi, su sani sun mai da kansu masu kallon gaba kaɗai a hanyar da haɗari ke zuwa ta kowace fuska.

Fasali na huɗu, a kan na'urar sanyi

Wannan ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta, a ke ce mata kayan masu kuɗi. Ku tuna gumin da ya rufe mana gilashi a daren nan. Dalilinsa shi ne numfashin mutane da jiƙaƙƙun tufafi suna cika iskar mota da laima, ruwan sama ya sanyaya gilashi, laimar ta kwanta a kansa, kamar yadda raɓa ke kwanciya a jikin kwanon ruwan sanyi. Na'urar sanyi, wadda a ke ce wa esi, bayan sanyaya iska tana tsotse laimarta, ruwan nan da ku ke gani yana ɗiga ƙarƙashin mota shi ne. In gilashi ya yi gumi, a kunna ta, a juya iskar zuwa gilashin gaba, a buɗe wa iskar waje hanya, nan da nan zai washe. Gilashin baya kuma yana da siraran wayoyi a jikinsa masu ɗumama shi, da maɓallinsu daban, kada a kankare su da reza. Wanda ba shi da esi ya kunna fanka a kan gilashi, ya sassauta tagogi kaɗan, in abin ya ƙi ya tsaya.

Sa'an nan zafi. Direban da ya taso da azahar a watan Afrilu, gumi na zuba, kai na sarawa, hankalinsa ba ya kai na wanda ke cikin sanyi, fushinsa kusa, gyangyaɗinsa kusa. Sanyaya direba tsare fasinja ne. Amma akwai ladabin amfani da ita. Motar da ta daɗe a rana a fara buɗe tagoginta zafin ya fita, sa'an nan a kunna. Maɓallin nan mai juya iskar ciki yana da amfani a bayan motar da ke hayaƙi ko cikin ƙura, amma in aka bar shi tsawon tafiya da mutane cike, iskar ta kan gurɓace da numfashi ta kawo barci, sai a riƙa sako ta waje lokaci lokaci.

Kulawa da ita ba wuya. Akwai matacin iska, a motoci da yawa yana bayan akwatin da ke gaban fasinja, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe shi, iska ta raunana, wari ya taso. A duba shi, a sake. A wanke ragar da ke gaban lagireto. A kunna na'urar ko minti goma a mako har cikin sanyi, domin man da ke zagayawa tare da gas ɗinta shi ke hana robobinta bushewa. Ku kuma sani gas ɗin nan ba ƙonewa ya ke yi kamar fetur ba, zagayawa ya ke yi a rufe. In ya ragu, lalle akwai inda ya ke yoyo. Wanda ke ƙara gas kowane wata bai toshe yoyon ba, ɗibar ruwa ya ke yi da kwando.

Gargaɗi biyu a nan, masu nauyi. Kada a bar yaro a cikin rufaffiyar mota ko da na shiga kanti ne a fito, domin cikin minti goma zafinta yana hawa ƙwarai, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Motar da aka ajiye a ƙofar gida ma a kulle ta, kada yara su shiga wasa ƙofa ta rufe da su. Kada kuma a kwanta barci cikin mota inji na aiki, musamman a rufaffen wuri ko in salansa ta huje, domin a cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba, ba launi ba wari, mai ɗauke mutum cikin barcinsa.

Fasali na biyar, a kan abin da masu musu za su ce

In wani ya ce, Malam, ba ka san tsadar kaya ba ne, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023 mai mota da ƙyar ya ke fid da uwar kuɗi, sai in ce gaskiya ne, ni ma da kuɗina ni ke shiga mota. Amma a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a tambayi kuɗin waifa biyu da ƙwan fitila, za a tarar ba su kai kuɗin man zuwa Kaduna daga Kano sau ɗaya ba. A auna wannan da kuɗin ɗori, da asarar kaya, da motar da za ta yi wata a gareji. Araha ba ta ado, a nan kuwa har kisa ta ke yi.

In ya ce esi tana shan mai, sai in ce haka ne, tana ƙara sha. Ba na cewa a kunna ta dare da rana. Cewa na yi a bar ta da lafiyarta, domin minti biyar na aikinta cikin ruwan sama ya fi tankin mai daraja. Masu yanke bel ɗinta su ce sun huta, sun yanke abin da ba su san ranar bukatarsa ba.

In ya ce iyayenmu sun yi fatauci a gingimari ba su san waɗannan abubuwa ba, sai in ce gingimari ba ta gudun motar yau, hanyar ma ba ta cika haka ba. Wanda ya karɓi gudun zamani tilas ya karɓi idon zamani.

In kuwa ya ce ai komai ƙaddara ne, wanda kwanansa ya ƙare ko da fitila goma sai ya tafi, sai in ce ba mu musun ƙaddara. Amma ban taɓa ganin attajirin da ya bar rumfarsa a buɗe ya tafi gida, ya ce in an ƙaddara sata za a yi ba. Yana sa kwaɗo biyu, ya ɗauki mai gadi, sa'an nan ya yi tawakkali. Don me dukiya za ta sami kwaɗo, ran fasinja ya rasa robar waifa? Wanda ya ɗauki mutane da kuɗinsu ya karɓi amana, sakaci da amana kuwa malamai sun san hukuncinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a hanyoyin duniya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace shan kashi. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya tun 1988, amma ma'aikatanta ba za su tsaya a kan kowace mota ba. Gyaran yana hannun mutum huɗu. Mai mota ya ware kuɗin gilashi da fitila kamar yadda ya ke ware na baƙin mai, ya daina tsawata wa direban da ya kawo masa ƙarar waifa. Direba kowace safiya ya zagaya motarsa, ya goge gilashi ciki da waje, ya duba ruwa, ya gwada waifa, ya sa yaronsa ya tsaya baya ya ga fitilu na ci. Shugabannin tasha kada su ba motar da ba ta gani layi, yadda ba su ba wadda ba ta biya kuɗin tasha ba. Na huɗu kuwa ni da kai ne, fasinja. Muna duba haƙoran rago kafin mu saya, muna ɗaga yadi a rana mu ga saƙarsa, sa'an nan mu miƙa wuyanmu ga motar da ba mu ko dubi goshinta ba. In ka ga hadari a gabas, ka ce wa direba ya gwada waifa a gabanka. In tafiyar dare ce, ka ce ya kunna fitila. In ya ƙi, ka sauko da jakarka ka jira ta gaba, da mugunyar rawa gwamma ƙin tashi. Ranar da masu motoci suka ga kujera na zama wofi sabo da robar waifa, a ranar za su saye ta.

Malamai kuma ina roƙon su ambaci wannan a majalisunsu, domin direbobi da masu motoci almajiransu ne, suna jin maganarsu. Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya ba tsohuwar nan sauƙin hannunta, ya sa mu gyara tun ba a yi kuka ba. Wassalam.